Shin Turawa ne suka ƙirƙiro saƙar kibiya da ta kwarashi?

Tambaya: Wata malama da ke koyar da mata saƙa da ɗinki ta aiko tana cewa ɗalibanta sun rabu gida biyu. Wasu sun ce saƙar kibiya da ta kwarashi Turawa ne suka ƙirƙiro suka kawo mana, wasu kuma sun ce ai tun kaka da kakanni muke abinmu. Tana son sanin asalin sana'ar, da yadda sauran al'ummomin duniya suke yin tasu.

Amsa: Malama, Allah ya yi wa koyarwarki albarka. Kowane ɓangare na ɗalibanki ya riƙe wani yanki na gaskiya, abin da ya haɗa su gardama shi ne sun tattara sana'o'i huɗu sun ɗauke su abu guda. Akwai saƙar masaƙa, akwai aikin allura, wato ɗinki da surfani, akwai saƙar kibiya, sannan akwai ta kwarashi. Duka zare suke ci, amma ba sa'o'in juna ba ne, tsakanin babbarsu da autarsu akwai dubban shekaru.

Allura ce babba. An tono allurar ƙashi mai kafa a kogon Denisoba da ke Siberiya, wadda ta kai shekara 40,000 ko fiye. Mutum ya iya haɗa fata da fata da jijiyar dabba tun kafin ya san noma. Saƙar masaƙa ta biyo baya, ita ma tsohuwa ce ƙwarai, kuma babu mai ja da cewa ƙasar Hausa ta daɗe da ita. Saƙar kibiya kuwa yarinya ce a cikinsu, hujjar da ke hannu ba ta wuce shekara dubu ba. Ta kwarashi ita ce auta, shekara ɗari biyu da 'yan kai.

Kafin saƙar kibiya akwai wata dabara da ta riga ta, wadda ta daɗe tana ruɗa har masu binciken kayan tarihi. Ana yin ta da allura guda mai kauri. Mai aiki zai yanki zare kamar kamu biyu ko uku, ya zura a allura, ya riƙa ƙulla zarge cikin zarge yana jan zaren gaba ɗaya ta kowane ido, in ya ƙare ya haɗa wani. An samu guntayen irin wannan aiki a kogon Nahal Hemar kusa da Tekun Gishiri, wato Bahrul Mayyit a Gabas ta Tsakiya, waɗanda suka kai kimanin shekara 8,000. A gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan akwai wata jar safa ta ulu da aka tono a Bahnasa ta ƙasar Masar, an yi ta tsakanin shekara ta 250 da ta 420 miladiyya. An raba mata babban yatsa da sauran, don mai ita ya samu sa takalmi mai igiya a tsakani. Duk wanda ya kalle ta zai rantse saƙar kibiya ce. Abin da ke raba su shi ne in kika yanke zare ɗaya a saƙar kibiya kika ja, layi zai bi layi ya warware, ita kuwa waccan ba ta warwarewa, don kowane ido a ƙulle yake. Ta fi ƙarko, amma tana cin lokaci. Fifikon kibiya shi ne sauri: zare ɗaya daga dunƙule, ba yankewa ba haɗawa.

To, a ina aka fara ganin saƙar kibiya ta gaskiya? A Masar, zamanin Musulunci. Mafi tsufan abin da ya rage safuna ne da guntayensu, daga wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, da yawansu daga juji da kaburburan Fusɗaɗ, tsohuwar Alƙahira. Da zaren auduga aka saƙa su, fari da shuɗin baba, an zagaya su da zane-zane, wasu ma har da rubutun Larabci irin na Kufi. An saƙa su a zagaye babu ɗinki a gefe, an fitar da dunduniya, an tafi da launi biyu a layi ɗaya ba tare da zare ya tattare ba. Ke da kike koyarwa kin san ba a fara koyo da wannan. Hannun da ya yi waɗannan safuna ya gaji sana'ar ne daga wasu hannaye da suka gabace shi, sai dai busasshiyar ƙasar Masar ce ta adana mana nasa, na sauran wurare kuwa damshi da asu suka cinye.

Daga nan sai Andalus. A wani gidan ibada na Kirista da ake kira Las Huelgas kusa da Burgos a Sifaniya, an buɗe kabarin wani ɗan sarki, Fernando de la Cerda, wanda ya mutu a 1275. A ciki aka tarar da matashin kai da aka saƙa da siliki, saƙa mai laushi har ido takwas a santimita ɗaya. Ki gwada wannan da ulun da muke saye a kasuwa, wanda da ƙyar ake samun ido biyu ko uku a santimita, za ki gane irin siririyar kibiyar da aka yi aiki da ita. A bakin matashin an saƙa kalmar albarka da haruffan Larabci, shi ya sa masana suka karkata ga cewa Musulmin da ke yi wa fadar aiki ne suka saƙa. Wannan matashi yana cikin saƙar kibiya mafi tsufa da aka samu a Turai baki ɗaya. Saboda haka wanda ya ce Turawa ne suka ƙirƙiro, hujja ba ta tare da shi. Karɓa suka yi, amma fa sun karɓa da hannu biyu.

Cikin ƙarni na 14 masu zane a Italiya da Jamus sun fara zana Nana Maryamu riƙe da kibiyoyi huɗu tana saƙa riga, alamar cewa sana'ar ta shiga gidaje. Sai dai abin da zai ba ɗalibanki mamaki shi ne a kasuwa aikin maza ne. A Faris an kafa ƙungiyar masu saƙa a 1527, irin waɗannan ƙungiyoyi kuma suka bazu a Faransa da Jamus. Yaro yakan yi shekara shida kafin a yaye shi, uku a gaban maigida, uku yana yawon ƙaro ilimi gari-gari, sannan a ba shi makonni goma sha uku ya kawo hula da riga da safa da shimfiɗa mai zane, dattawan sana'a su duba su yanke hukunci. A Ingila hukuma da kanta ta shiga maganar. Dokar 1571 ta tilasta wa talakawa da suka haura shekara shida sa hular ulu saƙar gida ranar Lahadi da ranakun hutu, wanda ya ƙi a ci shi tarar sule uku da kwabo huɗu. Manufar ita ce a kare masu saƙar hula daga kayan waje.

Maganar hula ta kawo ni kan abin da na fi so ki kai wa ɗalibanki, domin yana kan iyayensu da kakanninsu: dara. Jar darar Tunis, wadda fatake suka daɗe suna haurowa da ita ta Sahara, asalinta saƙar kibiya ce, ko da yake ido ba ya nunawa. Lokacin da Sifaniya ta kori ragowar Musulmin Andalus a 1609, dubbansu sun sauka Tunis, kuma su suka ɗaga wannan sana'a har ta zama ginshiƙin arzikin birnin. Mata ne ke fara aikin a gida. Sukan saƙa wata ƙatuwar farar hula sako-sako da zaren ulu, wadda in ka sa za ta rufe maka fuska har wuya. Sai a kwashe su a kai wani gari da ake kira Battan a bakin kogin Majarda, a jiƙa da ruwan zafi da sabulu a yi ta bugu, gashin ya shige cikin juna, hular ta tsuke ta yi kauri har idon saƙar ya ɓace. Daga nan a dawo da ita a taje ta da busasshen kan wani tsiro mai ƙaya don gashin ya tashi, a daddatse, a rina ja, a ɗora kan ma'auni ta bushe ta ɗauki siffa. Har yau akwai kasuwar masu dara a tsohon birnin Tunis, kuma mafi yawan abin da suke yi waje ake fita da shi, Libiya da Nijar da Nijeriya suna cikin manyan masu saye. Ke nan saƙar kibiya ta iso mana a kan raƙumi, a matsayin haja, tun kafin mulkin Turawa a ƙasar nan. Abin da ya zo daga baya shi ne riƙe kibiyar da hannunmu, wanda ya yaɗu a ƙarni na 20 ta makarantun 'yan mata da azuzuwan koyar da mata sana'a. A wannan gaɓar masu cewa Turawa suna da gaskiyarsu.

Inji ya shigo da wuri fiye da yadda ake zato. A 1589 wani mutumin Kalbaton kusa da Nottingham, William Lee, ya ƙera injin saƙa safa. Bai samu goyon bayan fadar Ingila ba, ya ƙaura birnin Rouen na Faransa da injinsa. Bayan shekara ɗari biyu injin ya cika yankin Nottingham, masu shi suna matse ladan ma'aikata suna fitar da kaya marasa inganci, har a 1811 ma'aikata suka fara bi dare suna farfasa injuna. A 1812 majalisa ta mayar da fasa injin laifin kisa. Daga wannan zamani saƙar hannu ta bar hannun maza masu ƙungiya, ta koma hannun matan karkara da na tsibirai, waɗanda ba su da wata hanyar samun kwabo.

Nan ne galibin saƙe-saƙen da ake yi wa kirari da al'adar gargajiya suka fito, kuma talauci ne ya haife su. Dubi tsibiran Shetlan a arewacin Sikotilan a ƙarni na 19. Maza suna teku, mace za ta goyo kwandon makamashi a baya tana tafe tana saƙa. Tana ɗaure da wata ɗamara ta fata a ƙugu, an cusa mata gashin doki an huhhuda ta, sai ta soke gindin kibiya ɗaya a ciki ta tsaya cak, hannun dama ya samu sakewa ya yi ta jefa zare. Da haka suke sauri. Su ne masu mayafin da saboda laushinsa ake zura shi ta cikin zobe ya wuce. Amma ɗan kasuwa ba ya biyansu kuɗi, sai dai ya ba su shayi ko yadi ko wani abu daga kantinsa a farashin da ya ga dama, mace ta koma tana neman wanda zai sayi shayin don ta samu na gari. Sai da hukuma ta aika kwamitin bincike a 1872, mata suka zo suka ba da shaida da bakinsu. Duk lokacin da na ga yarinya ta shafe makonni tana ɗinkin hula, idonta na ruwa, dillali ya ba ta abin da bai kai rabin rabin kuɗin da zai sayar ba, matan Shetlan nake tunawa. Ina roƙonki, cikin abin da kike koyarwa ki sa lissafin kuɗin zare da na lokaci, don wadda ta iya saƙa ba ta iya sa farashi ba, wani ta koya wa arziki.

Saƙar Fair Isle, wani ɗan tsibiri a can, ita ce mai zane launi-launi, amma ƙa'idarta launi biyu kacal a kowane layi, daidai da safunan Masar. Ta yi kasuwa ne bayan yariman Ingila mai jiran gado ya fito da rigarta a farkon shekarun 1920. Ta tsibiran Aran a yammacin Ailan kuwa, farar rigar sanyi mai murɗaɗɗen zane kamar igiya, tana da wani labari da ya zaga duniya: wai kowane gida da zanensa tun zamanin da, don in masunci ya nutse a gane gawarsa. Labari ne mai taɓa zuciya, amma ba shi da tushe. Rigar ba ta wuce farkon ƙarni na 20 ba, kuma masu tallata ta ne suka ƙawata zancen daga baya. Ni ban ga abin da hakan ya rage mata ba. Matan da suka zauna suka ƙago waɗannan zanuka da kansu sun cancanci a yaba musu da sunan ƙirƙira, labarin ƙarya kuwa ƙwace musu wannan yabo yake yi ya miƙa wa kakannin da ba su yi aikin ba.

A Selbu ta ƙasar Nowe an ma san wadda ta fara. Wata budurwa makiyayiya, Marit Emstad, ita ta je coci a 1857 da safar hannu fari da baƙi mai tauraro mai kusurwa takwas, sauran mata suka gani suka kwaikwaya, yau tauraron ya zama tambarin saƙar ƙasar. A Latbiya a da amarya kan tara safar hannu da yawa a akwatinta ta raba wa dangin miji ranar biki. A Orenbag ta Rasha gashin cikin akuya suke tajewa su kaɗa su yi mayafi.

Wadda na fi son a ba samari labarinta ita ce ta tsibirin Takile, a tafkin Titikaka na ƙasar Feru, kan tsauni mai tsayin kusan mita 4,000. Can maza ne ke saƙar kibiya, mata kuma su yi kaɗi da saƙar masaƙa. Yaro tun yana wajen shekara takwas ake koya masa, kuma shi zai saƙa hularsa. Mai aure ja yake sawa, saurayi kuma ja da fari, da ganin kan mutum an san matsayinsa. Saƙarsu matsattsiya ce ƙwarai, da siraran kibiyoyi na waya, kuma ingancin hular saurayi yana cikin abin da iyayen yarinya ke dubawa. Mutanen Sifaniya ne suka kai kibiya yankin bayan mamayar ƙarni na 16, amma sun tarar da mutanen da suka shafe dubban shekaru suna sarrafa auduga da gashin alfaka, wata dabba dangin raƙumi. A 2005 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sanya aikin zaren Takile cikin gadon al'adun duniya. Babu wanda zai je Takile yau ya ce musu sana'ar ba tasu ba ce don ta zo daga waje.

Kwarashi ba shi da dogon labari. Bayanin saƙarsa na farko da aka buga ya fito ne a wata mujallar mata ta Holan a farkon shekarun 1820. Ya samu gindin zama lokacin yunwar Ailan da ta fara a 1845, inda aka koya wa mata da yara yin leshin kwarashi ana sayarwa waje, gidaje da yawa da shi suka ci abinci. Wani abu da ya kamata masu kwarashi su sani: inji ya ƙwace saƙar kibiya tuntuni, amma har yau kayan kwarashi na gaskiya da ke kasuwa hannu ne ya yi su.

Sai aikin allura, wanda ya fi faɗi nesa ba kusa ba, don kusan babu al'ummar da ba ta da nata. A Sin an tono siliki mai surfani a kaburburan da suka haura shekara 2,000, kuma har yau a birnin Suzhou ana tsaga silin siliki ɗaya gida goma sha shida ko fiye, a yi hoto a kan yadi mai shara-shara wanda gaba da baya duka fuska ne, ba a ganin inda aka ƙulle zare. A Bayo ta Faransa akwai wani dogon ƙyalle mai kusan mita 70, an ɗinka masa da zaren ulu labarin yadda William na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi a 1066, dawakai da jirage da gawarwaki duka. A daulolin Musulunci, tun daga Banu Umayya zuwa Abbasiyawa da Faɗimiyawa, halifa yana da masana'antarsa ta musamman da ake kira ɗirazi, inda ake sa sunansa da addu'a a hannun riga, ya ba wanda ya ga dama ya girmama, kamar dai yadda sarki a nan yake yafa wa wanda ya naɗa alkyabba.

Aikin allurar da Musulmi suka fi gani da idonsu shi ne rigar Ka'aba. Ƙarnuka da yawa daga Masar ake kawo ta tare da ayarin alhazai. Sarki Abdul'aziz ya buɗe masana'antarta a Makka a 1927, a 1977 kuma aka koma sabon gini a unguwar Ummul Jud. Jikin rigar baƙin siliki ne da aka saƙa, amma ɗamarar da ta zagaye sama, mai tsawon mita 47 da faɗin santimita 95, da labulen ƙofa, da hannu ake yi. In kin taɓa matsawa kusa za ki ga haruffan sun taso sun yi tudu. Yadda ake yi shi ne a miƙe ƙyallen a kan katako, a fitar da rubutun ayoyin, a cika cikin kowane harafi da zaren auduga har ya kumbura, sannan a bi kansa da siririyar wayar azurfa da aka shafe da zinari, a kwantar da ita layi kusa da layi ana kama ta da wani zaren daga ƙasa. Maza ne ke wannan aiki, suna shafe watanni a kai. A da, ranar Arfa ake canza rigar, amma daga 1444 bayan hijira, wato 2022, an mayar da canjin 1 ga Muharram.

A Falasɗinu rigar mace ita ce takardar shaidarta. Kafin 1948, da ganin ƙirjin riga ake sanin ƙauyen mai ita: Ramalla jan zare a kan farin yadi, Baitalami kwantaccen zaren zinari da siliki, yankin Gaza baƙin yadi mai ratsi saƙar garin Majdal. Da aka tarwatsa ƙauyuka mata suka haɗu a sansanonin gudun hijira, zanukan suka cakuɗe, aikin ya zama abin sayarwa don ciyar da gida. A boren da ya fara a 1987, da aka hana ɗaga tuta, mata suka ɗinka launukanta da taswirar ƙasar a jikin rigunansu. UNESCO ta amince da wannan surfani a 2021.

Akwai kuma aikin da faci ya haifa. A yankin Bengal na Indiya da Bangladesh mata kan jera tsofaffin zannuwa su bi su da ƙananan ɗinki har su zama abin rufa, shi ake kira kanta. A arewacin Japan manoma da masunta sun yi irinsa da farin zare a kan shuɗin yadi don ya yi kauri ya tare sanyi, yau kuma masu kuɗi ke rububinsa. Japanawa har rana suka ware, 8 ga Fabrairu a yankin Tokiyo, da maɗinka ke kai karyayyun allurai wurin ibadarsu su soke su cikin awara mai laushi, wai su huta bayan wahalar shekara.

A wannan fanni ɗalibanki masu cewa tun kaka da kakanni ba su faɗi ƙarya ba. Babbar riga ta aikin hannu tana cikin manyan ayyukan allura na duniya, kuma gidajen tarihi a Landan da Balin da Faris suna ajiye da ita. Ki lissafa hannayen da take bi. Mace ta gurje auduga ta shiɓe ta kaɗe da mazari tana dangwalar alli. Masaƙi ya saƙa siraran ƙyallaye, marini ya tsoma a baba, maɗinki ya haɗa su ɗaya bayan ɗaya har su zama riga. Sai malami mai zane ya fitar da aska biyu ko aska takwas a gefen aljihu, da tambari, da dagi, sannan mai aiki ya ɗora rigar a gwiwa ya fara. Cikon da ake gani kamar saƙar zuma ƙananan huji ne dubbai, kowanne an huda shi an zagaye bakinsa da zare. Riga ɗaya takan ci watanni. A ƙarshe mabugi ya buge ta ta yi ƙyalli. Zaren ma da labarinsa: tsamiya daga gidan wata tsutsa ake samunta a dafa da toka a kaɗa, jan alharini kuwa ragowar silikin masaƙun Turai ne da ake haurowa da shi ta Tarabulus. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus, kuma rigunan Nufe suna da daraja ta musamman a kasuwar. A shekarun 1970 David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi masu aiki ya tattara zanuka da sunayensu. Wajen wannan lokaci ne kuma matan birnin Zariya suka shiga aikin riga sosai, wanda a da na maza ne, musamman malamai da almajirai. Ɗinkin hula, ƙube da zanna bukar da bama, shi ma yau yana riƙe da gidaje masu yawa daga Maiduguri zuwa Kano.

Inji ya taɓa wannan ɓangaren ma. Keken Singer ya fito a 1851, a 1863 kuma wani mutumin Siwizalan, Isaak Gröbli, ya ƙera injin surfani mai allurai da yawa a jere. Jikokin wannan inji ne ke yin leshin da matanmu ke ɗaurawa, wanda tun shekarun 1960 garin Lustenau na Ostiriya yake yi musamman don kasuwar Nijeriya. Yanzu ga na kwamfuta yana fitar da aska takwas cikin 'yan sa'o'i. Mai saye da ya san kaya yakan juya rigar ya duba bayanta: na inji zaren ƙasa daban yake kuma kowane ɗinki tsawonsa ɗaya, na hannu kuwa zare ɗaya ne ke shiga yana fita, da ɗan bambanci daga wuri zuwa wuri.

In kina son ɗalibanki su taɓa wannan tarihi da hannunsu, ki ware waɗanda suka ƙware ki sa su gwada safa irin ta Masar. Ki nemi zaren auduga mai ɗan kauri, ki raba biyu, ki kai rabi marina a rina shuɗi, ki wanke shi sosai har ruwan ya daina fita da launi don kada ya ɓata farin. Kibiyoyi biyar za su yi amfani da su, masu tsini gaba da baya, sirara. Daga yatsu ake farawa a hauro sama a zagaye, kuma zaren da ba a aiki da shi a bar shi ya bi ta baya sako-sako, kada ya wuce ido huɗu ko biyar ba a kama shi ba. Auduga ba ta miƙewa kamar ulu, saboda haka su ƙara 'yan idanu a wajen idon sawu, in ba haka ba safar ba za ta shige dunduniya ba. Zane kuwa ba sai sun kwafi na Masar ba, dagi yana zama daidai a ido goma sha biyar zuwa ashirin in aka fara fitar da shi a takarda mai gida-gida.